Kan tambayarka ta karfasa mai ƙwai a baki

Kai ja'iri, saƙonka ya iso tun jiya da la'asar, ƙanwarka ce ta karanta min, na yi dariya har sai da tari ya kama ni. Wai da gaske ne a gidanmu in an kama karfasa da ƙwai a baki mayar da ita ruwa ake yi, ko camfi ne irin na mutanen da? Jikan masunta ne ke tambayar wannan! Da na gama dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi, don na lura kai kifi a faranti kawai ka san shi, sai ko tarwadar nan da kuke kiwo a tankin roba kuna watsa mata abincin buhu.

Ni da idona na fara ganin abin, ina yaro ban fi shekara goma sha biyu ba, tun ba a gina dam ɗin Bakalori ba, ka ga kafin 1978 ke nan. Lokacin in damina ta zauna gulbi yakan fasa ya shanye fadamar Argungu kaf, shinkafa da burgu duk a cikin ruwa, kifi kuma ya baro tsakiyar gulbi ya bi sabon ruwa ya shiga ciyawa, can yake zuba ƙwai, can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Mu yara an hana mu su a wannan lokacin amma ka san yaro. Wata safiya na saci homar Baba, wato ragarsa ta hannu, da gora na zame, na shiga wani wuri ruwa iya gwiwa, ƙasa yashi, sai ga ramuka zagaye-zagaye kamar an kifa akushi an ɗauke. Daga baya na san namijin karfasa ke haƙa su da baki, ya tsaya kai yana korar duk wanda ya matso har macen ta zo. Na kifa homa, na ɗago wata mai faɗi kamar tafin hannun babba, ina murna na cafke ta, ai kuwa sai ta buɗe baki, wasu 'yan ƙanana kamar tsabar shinkafa masu ido suka zubo min a hannu suna motsi, sun fi ƙarfin ƙirga. Na ruga gida da ita ina ihu wai na kama muguwa mai cin 'ya'yanta.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai ce komai ba. Ya karɓe ta ya tsaga cikinta da 'yar wuƙarsa ya miƙo min, ya ce duba ka gaya min me ta ci. Babu komai, hanji fayau. Ya ce to azumi take yi, tun ranar da ta kwashe ƙwan daga rami ta sa a baki ba ta ƙara cin komai ba, sati guda har biyu tana juya su tana kora musu ruwa mai kyau, in sun ƙyanƙyashe ta sake su su yi kiwo kusa da ita, da sun ga inuwar tsuntsu ko kifin tsage ya gilma sai su koma bakin da gudu. Sannan fa ya kama kunnena ya murɗe, har yau in sanyi ya yi ina tunawa. Ya ce "ka kashe ɗaya ka binne ɗari." Shi ma haka ubansa ke faɗa masa, wai wanda ya ci uwa da damina ƙaya zai tsotsa da rani. Inna ta soya ta a hakan, don ba a zubar da abinci, amma ni aka hana ko miyar.

Ba duk karfasa ke haka ba fa, kar ka je kana faɗa wa abokanka abin da ba shi ne ba. Akwai mai jan ciki, ita a rami take barin ƙwanta, uwa da uba su tsaya gadi. Yauni shi kuma, wani kifin daban, gida yake yi na ciyawa mai yawo a saman ruwa, ƙwansa manya launin zuma, kuma in ka kusanci gidan cizo yake kamar kare, na san wanda ya bar masa ɗan yatsa. Bargi ma yakan share fili cikin ciyawa ya kewaye, ka ga 'ya'yan a dunƙule baƙi ƙirin suna bin sa. Tarwadar taku da kuke rainawa, da daddare in ana ruwa takan fito tudu tana jan ciki daga wannan kududdufi zuwa wancan, don tana shaƙar iska ta wani abu mai rassa da ke cikin kanta, shi ya sa ka ga ta daɗe a kwano ba ta mutu ba.

Kun ga bikin kamun kifi na Argungu a gulbin Matan Fada a talabijin, dubban mutane sun ruga ruwa an fito da giwan ruwa kamar ɗan maraƙi, kuna tafi. Bikin a yadda kuka san shi daga 1934 ne, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka shirya masa su. Amma me ya tara kifin a wurin? Rufe ruwan da ake yi, Sarkin Ruwa ya hana kowa jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe. Mu da ko a ƙananan tafkuna haka ake, kuma ba soja ba ɗan sanda, kunya ce kawai da tsoron bakin manya. Wasu kan ce mutanen ruwa ne za su kama ka, to ni dai ban taɓa ganinsu ba, amma maganar ta tsare mu.

Yanzu kuwa gidan sauron da aka raba don zazzaɓi shi ake ja a ruwa, ya kwashe har abin da bai kai farce ba, a shanya a tabarma a auna da kwano. Wasu ma gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba, suke zubawa, komai ya taso ya mutu, mutane su saya su ci. Ga dam ya riƙe ruwa, ambaliyar ba ta zuwa kan lokacinta. Mu ma da laifinmu, da ragar leda ta shigo mai arha har da ni a masu saye, ban tsaya duba idonta ba.

Ka ce camfi ko ba camfi ba. To ni dai kunnena aka murɗe, ban samu damar tambaya ba. In ka zo hutun sallah ka tuna min mu gangara bakin ruwa da sassafe in nuna maka ramukan, in akwai sauran su. Ka zo da takalmin da ba ka so, kuma ka gaida mahaifiyarka, ka ce banda ɗin da na aika mata na kurungu ne, ta yi hankali da ƙayar.