Amsar tambayarki kan tsofaffi a fim

Amaryata, saƙonki ya iso. Kin ce ku da ƙawayenki za ku haɗa ɗan bidiyon barkwanci na TikTok, ɗayarku za ta shafa hoda a kai ta fito a tsohuwa kurma wadda ake ce mata gabas tana cewa yamma, sai malamarku ta ce wannan raina tsofaffi ne, ke kuma kina tambaya wai ba al'adarmu ba ce tsokanar kaka, tunda ni ma kullum kina ce min tsoho mai ran ƙarfe ban taɓa fushi ba.

Toh, al'ada ce, ban musa ba. Jika da kaka abokan wasa ne kamar taubasai, kamar Bafillace da Babarbare, shi ya sa nake ce miki amaryata kakarki kuma take ce miki kishiya. Amma ki lura da yadda wasan yake tafiya: kin ce min na cinye haƙorana da goro, ni kuma na ce miki har yanzu tuwonki da gudaji ba mai aurenki sai ni, aka yi dariya aka tashi. Ina da bakin ramawa, kuma kin san iyakarki, ba za ki yi min wannan wasan a gaban baƙi ko ranar da nake kwance ba lafiya ba. Ita tsohuwar bidiyonku fa, a ina za ta rama? An ɗora ta ne kawai don a yi mata dariya, kuma abin da ake wa dariyar kurumta ce, lalurar da ba ita ta ɗora wa kanta ba.

Ko a tashe, daga goma ga azumi, yara suna yin Tsoho da Gemu, yaro ya manna auduga a haɓa ya saka tsumma ya duƙa yana dogara sanda yana tari, kowa na dariya, amma kiran da suke yi gida gida na a taimaki tsoho ne, a nan wasan yake ƙarewa.

Finafinan namu kuma, tun daga farkon na bidiyo a Kano wajen 1990, in kika ga furfura kusan kin san aikin da aka ba ta. Ko boka a cikin jan ƙyalle, ko uwar miji mai hana amarya sakat, ko alhaji mai budurwar zuciya da ake ce wa tsohon banza, ko kuma mahaifin da za a nuno minti biyu ya ce Allah ya yi muku albarka shikenan ba a sake ganinsa ba. Wannan na ƙarshen mutane suna ɗauka girmamawa ce, ni dai a wurina duk ɗaya, an maida mutum darduma da carbi kawai, ba shi da sana'a, ba shi da aboki, ba shi da wata damuwa tasa ta kansa. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, da ta rasu a 2024, gwana ce wallahi, in ta fito a masifaffiya sai ka ji kamar ka shiga talabijin ɗin, laifin ba nata ba ne, na masu rubutun ne da suka fi kawo mata irin wannan rol ɗin. Mu da muka kalli Kasimu Yero da Samanja a talabijin ɗin Kaduna mun ga manya da ake gina labari a kansu, su yi wauta su yi hikima, a yi dariya tare da su.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na maita. A nuno tsohuwa ita kaɗai a ɗaki, ido jajir, tana surutai, sai kiɗan tsoro ya tashi. Yaro ya kalli wannan sau ɗari, gobe ya ga wata baiwar Allah da gigin tsufa ya kama ta fita ta manta hanyar gida, me kike zaton zai kira ta? Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, asibiti ake kai mutum. A 2020 a Kafaba da ke arewacin Ghana haka aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, duka a bainar jama'a har ta mutu a kan zargin maita, ana ɗauka a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a rahotonta na 2021 ta ce mutum ɗaya cikin biyu a duniya yana da wannan ɗabi'ar ta raina tsofaffi, kinga ba mu kaɗai ba ne, sai dai mu da muke karanta hadisin da ya ce ba ya cikinmu wanda bai girmama babbanmu ba, namu ya fi zama abin kunya.

In kina son gane fim ɗin da ya yi wa tsoho adalci, duba ko yana da abin yi banda jiran mutuwa. Ki tuna ungozomar unguwarmu, yadda take ɗora jariri a kan ƙafafunta ta gasa masa cibi da tsumma mai ɗumi tana yi wa mai jego faɗan ta ƙi shan kunun kanwa, ita ce kuma uwar adashi, kuɗin mata da yawa a hannunta ba littafi ba biro kuma ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba. Tana da rowa, tana da baki, ba waliyyiya ba ce, in za ku nuna hakan ku nuna, ba cewa na yi sai an wanke tsoho tas ba.

Ku yi bidiyonku, amma ku bar kurumtar, ku ba tsohuwar baki ta riƙa mayar muku da magana, za ki ga ya fi ban dariya ma. In da hali ku nemi tsohuwa ta gaske ta fito da yardarta maimakon hodar nan, kuma ku sallame ta da kyau, don ba ki manta surutun da aka yi a 2022 ba lokacin da Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, wasu manyan masana'antar suka fito suka musanta. Kakarki ta ce in kuɗin ya kai ita ma tana so, amma sai an saya mata sabon mayafi.