Amsar tambayarka kan tukwanen kabari

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ranar jana'izar kakarka, Allah ya jiƙanta, ka ga ana jera tukwane a bakin ƙaramin rami kafin a tura ƙasa, wani abokinka kuma ya ce maka ragowar maguzanci ne. Ka gaishe shi, amma ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Tukunyarmu murfi ce kawai. Ai kana tsaye aka yi: a tsaga ta biyu, a kifa, a toshe kafofin da tsingaro, a yaɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zubo wa mamaci. Inda itace ke da sauƙi shi ake jerawa, da shi ma muka rufe kakanka a ƙauye. Kabarin Manzon Allah (SAW) da ɗanyen tubali aka rufe shi, shi ya sa malamanmu na Malikiyya suka sa tubali a gaba, sai katako, sannan abin da aka gasa.

A wajen mutanen dā kuwa, tukunya tana da wani matsayi dabam. A Bura, can wajen Tera a Nijar, an ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a 1975. Da Boube Gado, wani masanin kayan tarihi ɗan Nijar, ya haƙa wurin a 1983, sai ga tuluna wajen 630 a kife, wannan na gogar wannan, wasu an ƙera musu kan mutum a bisa, har da mahayi a kan dokinsa. Masana sun ce aikin tsakanin ƙarni na 3 ne zuwa na 13. Ka duba wahalar: a gina, a yi zane, a gasa, duk don wanda ba zai gani ba! Mutanen Sao na bakin Tafkin Chadi su kuma naɗe gawa suke yi, gwiwa a ƙirji, su zura ta cikin randa, su kife wata a kai. Na Nok a kudancin Kaduna ƙasa ta cinye ƙasusuwansu, sai tukwane da duwatsun wuya suka rage.

To ka gani, su kayan ado da guzuri suke haɗa wa mamacinsu, mu kuwa likkafani kaɗai, ko zobe cirewa ake yi. Tukunyar ma babu ko ɗigon zane a jikinta.

In ka zo hutun Sallah ka tuna mini mu biya wajen maginiya. Masu haƙa sun ce tukwanen maƙabarta sun kusa ƙarewa, ina so mu kai sadakar ko da goma ne da sunan kakarka.