Ko ya dace a biya ƙwararrun masu haɗa kaya idan za a tashi daga gida?

Hajiya, kin ce za ku tashi daga Gwale ku koma Hotoro, kina tambaya ko kuɗin da masu haɗa kaya ke caja ya cancanci a biya, ko kuwa 'yan dako da a-kori-kura sun wadatar.

Farashin masu haɗa kaya yana bin yawan kaya, da nisan tafiya, da kuma ko gidan bene ne. A cikin birni akwai ƙarin dalili, domin lunguna da yawa mota ba ta shiga, dole a yi dakon kaya har bakin titi, kuma wannan wahalar ana sa ta cikin lissafi. Saboda haka kada ki amince da farashin da aka faɗa miki ta waya. Su zo su ga kayan da idonsu, sannan a fayyace ko kuɗin ya haɗa da kwali, da mota, da kwance gado da wadirob da sake ɗaura su, ko sai kin nemo kafinta daban.

A ganina amfaninsu yana wajen kayan fashewa: tangaran, madubi, talabijin, da gilasan kabet ɗin jere, waɗanda asarar ɗaya daga cikinsu kan iya zarce kuɗin aikin duka. Tufafi da tukwane kuwa, 'yan uwa mata za su ƙulle su cikin buhu ba tare da kin kashe ko sisi ba. Gwal da takardun makaranta su zauna a hannunki. Kafin a ɗaga komai, a yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya idan abu ya fashe, kuma idan da damina ne, musamman watan Agusta, ki nemi mota mai rufi.