In An Tari Numfashinka a Gaban Mai Gini

Jiya muna wanke kwanukan kwaɓi ka ce min: "Maigida, yaya zan yi da wanda ba ya bari in kai ƙarshen magana? Ina yi wa Alhaji bayanin abin da ya sa ba za a cire gorar da ta tokare dekin ba, ƙaninsa ya tari numfashina sau uku, sai kawai na yi shiru." Na ce ka bari in huta tukuna. To, saurara, ɗana.

Ina tsaye a bayanka lokacin, na ji komai. Ka faro zancen tun daga ranar da tifa ta sauke tsakuwa, ka bi ta kan ɗaurin rodi, kana ta kewaye. Mutumin da ya baro shagonsa a kasuwa, waya na ta kuka a aljihunsa, ba zai jira ka iso ba. Abin da ya kamata ya fara fita daga bakinka shi ne: "Alhaji, yau kwana 9 da zuba dekin, gora ba za ta fita ba sai ya cika 21." Ko an katse ka a nan, kunne ya riga ya ɗauka. Dalili sai ya biyo baya: kankare ba bushewa ce ƙarfinsa ba, siminti ne ke cin ruwa yana ƙanƙamewa a hankali. A kwana 7 bai wuce kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai kwana 28 yake kai wanda injiniya ya yi lissafi da shi. Abin da ya sa muke shayar da shi safe da yamma ke nan, balle yanzu da iskar hunturu ke tsotse danshi.

Sannan ba ka saurari abin da ƙanin Alhaji ya katse ka da shi ba. Sau ukun nan duk magana ɗaya ya yi: kuɗin hayar katako da gora. Ba raini ba ne, aljihu ne ke masa ciwo. Da ka tsaya ka lissafa masa kuɗin hayar kwana 12 da suka rage, ka ajiye shi kusa da kuɗin fasa dekin a sake zubawa, da ya bar ka ka ƙarasa. Wanda aka amsa masa damuwarsa ba kasafai yake sake tsoma baki ba.

Akwai kuma wanda katse mutane ɗabi'arsa ce. Shi kada ka ɗaga murya a kansa, musamman in ya girme ka. Ana fara hayaniya za a manta da dekin, a koma zancen rashin kunyarka. Bar shi ya sauke numfashi, ka ce: "Ranka ya daɗe, ba katse maka hanzari na yi ba, saura kalma ɗaya." Kana faɗa kana duban Alhaji, don shi ne mai gini, kuma ka ɗora daga inda ka tsaya, kada ka koma farko. A taron ƙungiyar magina ma ya fi sauƙi: ka yi shiru, ka dubi shugaba, ka ce ba ka gama ba. Shi zai karɓo maka.

Shirun da ka yi shi ne ya dame ni. Ina yaron gini kamarka na ga an cire tokara da wuri a wani aiki, na sani sarai bai yi ba, kunya ta rufe min baki. Dekin ya lotsa a tsakiya, ya tsage. Allah ya kiyaye babu kowa a ƙasa, amma har yau in na tuna leburorin da ke cin abinci a inuwarsa kullum, gabana faɗuwa yake. Saboda haka in ka ga hannu ya kai kan gora kafin lokaci, ka daka tsawa, ko ni ne ke magana, ko Alhaji da kansa.

Gobe bayan la'asar za su dawo. Kai za ka yi bayanin, ni ina gefe. Ka je wurin mai katako da safe ka jiyo kuɗin hayar, ka riƙe shi a ka.