Ƙwaƙwalwata ta bushe, ina marubuta ke samo labari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashiyar marubuciya ce, na rubuta littattafai biyu na sake su a zaurukan WhatsApp, kuma masu karatu sun karɓe su hannu bibbiyu. Amma yau wata takwas ke nan ban iya cika ko shafi ɗaya ba, duk abin da na fara sai in ga wata ta riga ni. Ƙawata ta ce in kalli finafinan Indiya ko na Turkiyya masu dogon zango in sauya sunaye, wai kowa haka yake yi, har Abubakar Imam ma aro ya yi. Akwai kuma wani da ya ce zai sayar mini da tsararren labari. Ina cikin fargaba, ko baiwar ce ta ƙare?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, baiwarki tana nan. Littafin farko da na biyu yawanci daga abin da mutum ya tara tun ƙuruciya suke fitowa, wato abin da ya gani a gidansu da makaranta da unguwa, kuma idan rumbu ya yi ƙasa babu abin yi sai komawa gona. Wata takwas ba komai ba ne ga wadda take son ta daɗe tana rubutu. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne shawarar ƙawarki, domin ita ce cutar da nake cin karo da ita kusan kullum a rubuce-rubucen da ake kawo mini dubawa.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa labari wani abu ne da ke zuwa a kammale daga waje, wanda aikin marubuci kawai shi ne ya same shi ya sa masa riga. Wannan fahimtar ce take kai matasa ga zama gaban fim da biro a hannu, ana mayar da sunan jarumar Hindu zuwa Ummi ko Zahra, ana mayar da Mumbai zuwa Abuja, sannan a ce an yi littafi. Na taɓa zama cikin alƙalan wata gasa inda muka tarar da labarai uku masu ƙashin baya iri ɗaya daga marubuta uku da ba su san juna ba, kuma ba mu sha wahala ba wajen gane fim ɗin da dukansu suka kalla. Duka ukun mun ajiye su gefe, alhali ɗaya daga cikinsu tana da Hausa mai daɗi wadda da ta zuba ta a kan labarinta na kanta da ta yi nisa. Har yau idan na tuna da ita raina yakan ɓaci.

Ko an ajiye maganar haƙƙi a gefe, irin wannan aron ba ya tsayuwa, saboda rikicin kowane labari daga dokoki da al'adun mutanensa yake tsirowa. A yawancin finafinan Indiya dangin amarya ne ke ɗauke da nauyin dukiyar da za a kai wa dangin ango, ga bambancin asali mai tsauri da ke hana aure tsakanin wasu rukunai, ga kuma aƙidar mutum ya mutu ya sake dawowa duniya a wani jikin. A wajenmu kuwa namiji ne ke biyan sadaki ya haɗa lefe, iyayen mace su yi kayan ɗaki da gara, akwai waliyyi, akwai saki da idda da kome, akwai zaman kishi da rabon kwana, akwai 'yan uba da rabon gado. Idan kika ɗauko rikicin can kika dasa a nan, sai taurarinki su riƙa aikata abin da babu dalilinsa a rayuwar Bahaushe: uba ya yi ta kuka a kan abin da uban Bahaushiya ba zai damu da shi ba, miji da mata su shekara biyar a ɗaki ɗaya ba su san juna ba kuma babu gwaggo ko inna da ta ce uffan. Mai karatu zai iya kasa faɗin abin da ke damunsa, amma zai ji a jikinsa cewa mutanen nan ba nasa ba ne.

Ita kuma maganar Abubakar Imam da ake fakewa da ita, ina so a daina yi wa bawan Allah nan ƙage. Gaskiya ne cewa a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga tsofaffin hikayoyin Larabawa da na Turawa da na gabas, kuma masana sun daɗe da bin sawun waɗannan tushe. Sai dai hikayoyi ne da suka yi ɗaruruwan shekaru suna yawo a bakin al'ummu, kuma rushe su ya yi ya sake gini da tubalin ƙasar Hausa, da fada da fadawa da alƙali da 'yan kasuwa da irin barkwancinmu, har yaron da ya karanta a firamare ba ya shakkar cewa a garinsu abin ya faru. Wanda ya kwashe fim ɗin da aka yi bara, fitowa bayan fitowa, bai yi wannan aikin ba, kuma mai fim ɗin yana raye yana da haƙƙinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta hana kowa rubutu a kan jigon da wani ya taɓa ba, amma ta hana kwashe aikin wani yadda ya tsara shi. Gasanni kuma, irin su Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, labarin da marubuciya ta ƙaga da kanta suke nema. Sunan da ya ɓaci da satar fasaha a tsakanin marubuta yana da wuyar wankuwa.

Shi kuwa mai sayar da tsararren labari, kada ki ba shi ko sisi. Ba ki da hanyar sanin mutum nawa ya sayar wa abu ɗaya, ba ki kuma san inda ya kwaso shi ba, kuma ranar da asiri ya tonu sunanki ne a bangon littafi. Haka nake cewa game da masu buɗe aji su karɓi kuɗi da alkawarin mayar da mutum marubuci cikin mako guda.

Kin ce duk abin da kika fara sai ki ga wata ta riga ki. Jigo kika duba shi ya sa. Kishi da auren dole da talauci da maraici an rubuta su tun kafin a haife ki, kuma za a ci gaba da rubuta su. Abin da ba a riga ki ba shi ne takamaiman mutum mai takamaimiyar buƙata, da abin da ya tare masa hanya. Ga misali. A farkon 2023, lokacin sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, ranar 31 ga Janairu ce wa'adin tsofaffin kuɗi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ki ɗauki uwar adashi a ƙauyen da babu banki, wadda ke riƙe da kuɗin mata ashirin cikin tsofaffin takardu, kuma mijinta bai san tana adashin ba, kuma ba ta fita sai da izininsa. Kwana uku ya rage. Wa za ta amince wa ta ba shi kuɗin? Me za ta ce wa mijin? Idan yaron da ta aika bai dawo ba fa? Ba ki buƙatar wani fim a nan, tambayoyin da kansu za su ja ki har babi goma, kuma kowace mace da ta taɓa zubin adashi za ta karanta da bugun zuciya.

Irin waɗannan suna nan birjik inda mutane ke taruwa da damuwarsu. Ki zauna a kotun shari'ar Musulunci ranar da ake sauraron ƙararrakin aure da gado, idan an ba da dama, ko a layin awon ciki, ko tashar mota, ko gidan kitso, ki saurara da kyau ki riƙe yadda mutane ke magana, musamman abin da suke kewayewa ba su faɗa ba. Ki ajiye ƙaramin littafi ko ki yi amfani da wayarki, kullum ki rubuta abu uku da kika gani ko kika ji, ba tare da tunanin ko za su zama labari ba. Sharaɗi ɗaya ne: sirrin mutane amana ne, saboda haka ki ɗauki ƙwayar matsalar ki bar mai ita, ki sauya gari da sana'a da yanayin gida har ya zamana ko ita ta karanta ba za ta ce da ita ake ba.

Sannan ga tarihi, wanda marubutanmu na yanzu suka yi wa ƙaura kamar ba nasu ba. Mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira gabas a 1903, waɗanda jikokinsu ke garin Mai Wurno a Sudan har yau, da fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka kafa zango a Kumasi, da leburorin dalar gyaɗa a Kano, da matan da mazansu suka tafi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, duk suna jiran wanda zai ba su murya. Idan akwai tsohuwa a gidanku, ki zauna da ita da yamma ki tambaye ta yadda aka yi aurenta, da abin da aka ci a shekarar fari, da wanda ya tafi aikin hajji a ƙasa bai dawo ba. Ki nemi izininta ki naɗi muryarta, domin waɗannan tsofaffin tafiya suke yi da abin da ke cikinsu.

Ki ba kanki wata guda a kan wannan, kada ki tilasta wa kanki fara littafi, kuma ki rage kallon finafinan nan a tsawon lokacin don kunnenki ya dawo gida. Idan watan ya cika, ki zaɓi abu biyar daga cikin abin da kika tara, ki rubuta wa kowanne layi uku: wane ne, me yake so, me ya hana shi. Ki aiko mini da su in duba, za mu zaɓi ɗaya tare. Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a alƙalaminki.