Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin Kakanni da Tarihin Gida

Wani mai karatu daga Dambatta ya tambayi abin da ya sa ake kiran ɗan jika "tattaɓa-kunne", da kuma ko kalmar tana da alaƙa da kunnen da muka sani.

Tana da alaƙa da shi. Kalmar haɗin aikatau da suna ce, irin ginin "dafa-duka" da "hana-salla". Tushenta "taɓa", sai aka ninka gaɓar farko don nuna maimaita aiki, kamar yadda "buga" ke komawa "bubbuga". A fahimtata, sunan yana siffanta tsohon da Allah ya ja kwanansa har ya ga ɗan jikansa bayan ganinsa ya yi rauni, don haka idan aka miƙa masa jaririn sai ya riƙa shafa kansa yana tattaɓa kunnuwansa. Ta wajen magabata kuwa, kalma ɗaya ce, "kaka", ke ɗauke da namiji da mace, na wajen uwa da na wajen uba, shi ya sa dole mai ba da tarihin gida ya riƙa fayyacewa da cewa "kakana na wajen uwa". Daga nan sai kakan-kaka, abin da ya wuce haka kuma a dunƙule shi a ce "tun kaka da kakanni".

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce tana rubuta salsalar gidansu, amma ta iske Abba uku da Uwani biyu, ta rasa gane wane ne wane.

Wannan matsala daga alkunya ta samo asali. Idan aka raɗa wa jariri sunan kakansa, iyayen ba za su iya kiran sunan gatsau ba, domin sunan mahaifinsu ne ko na surukinsu, sai a sakaya shi da laƙabi: Abba, Baba, Babangida ko Maigida ga namiji, Uwani, Ummi, Iya ko Inna ga mace. Laƙabin yakan bi mutum har tsufa, sunan yanka ya ɓace a bakin mutane, wani lokaci ba a sake jin sa sai ranar ɗaurin aure. Shawarata ita ce ta ɗauki kowane laƙabi a matsayin shaida: duk inda ta ga Abba, akwai wani dattijo a baya da aka mayar wa suna, kuma tsofaffin matan gidan sun fi kowa sanin ko wane ne, ko da yake wasunsu ba za su furta sunan da bakinsu ba, sai dai su kwatanta mata. Sauran laƙubba ma labari suke bayarwa. Tanko ya biyo mata ne, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Talle ya tashi a maraici, Nomau kuwa lokacin noma aka haife shi. Kada kuma ta ruɗe idan ta ji tsohuwa na ce wa yaro "mijina", ko ta ce wa yarinya "kishiyata": wasan kaka da jika ke nan.

An kuma tambayi bambancin zuri'a, salsala da tsatso. Biyun farko aro ne daga Larabci. Zuri'a ita ce 'ya'ya da jikokin da suka fito daga mutum, salsala kuwa jerin iyaye ne ɗaya bayan ɗaya, domin asalin kalmar sarƙa take nufi. Tsatso Hausa ce tsantsa, sashen ƙugu ne, shi ya sa ake cewa wane daga tsatson wane ya fito.

Wani ɗalibi daga Kura ya nemi bayanin "ɗan na gada ya fi ɗan na koya", yana ganin karin maganar ta raina mai ƙoƙari.

An yi ta ne a zamanin da sana'a gado ce. Ƙira, jima, wanzanci, fawa da rinin da garin Kura ya yi suna da shi duk a gida ake tashi a tarar da su, kuma akwai sirrin da uba ba ya faɗa wa almajiri sai ɗansa, kamar haɗin baba da toka a karofi ko maganin ƙunar wuta a maƙera. Saboda haka maganar tana bayyana yadda ilimi ke tafiya a lokacin, ba ta yanke hukunci a kan hazaƙar kowa ba. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba" idan ɗa ya kasa gadon halin iyayensa.

Tambaya ta ƙarshe ta fito daga wanda kakarsa ta ce an haifi mahaifinta "shekarar Kakalaba", ita kuma an yi mata aure "bayan zuwan Sarauniya", yana son sanin waɗanne shekaru ke nan. Mutanen karkara da manyan al'amura suke ƙidayar shekaru. Kakalaba sunan babbar yunwar da ta auka wa ƙasar Hausa ne a 1913 zuwa 1914, sakamakon fari. Sarauniyar Ingila ta ziyarci Najeriya a 1956, har aka yi mata hawan daba a Kaduna. Idan tsohuwa ta ambaci "canjin hannu", 1972 take nufi, lokacin da motoci suka koma bin hannun dama. "Canjin kuɗi" kuwa sai an bi shi a hankali: naira ta maye gurbin fam a 1973, amma an sake canza takardun kuɗi a 1984 a mulkin soja na Buhari, don haka ya tambaye ta ko fam da sule aka karɓe a hannunsu ko kuwa launin takardun naira ne ya sauya.