Zomon daji da yaji: a bar shi ya dahu a hankali

'Yar'uwa, kin ce zomon da maigidanki ya harbo ya yi miki tauri kamar igiya, ga ƙarni, yajin ma bai shiga ba. Gaggawa ce ta jawo. Zomon daji kullum a guje yake, ba shi da kitse, suya kaɗai busar da shi take yi.

Idan kin ga fararen ɗigo a hantarsa, ki zubar da naman duka, alamar cuta ce. In lafiya lau, ki yayyanka, ki laluba ko akwai ƙwayar harsashi (na taɓa tauna ɗaya, har yau haƙorin bai yafe min ba). Ya kwana a firij cikin ruwan gishiri da lemun tsami. Da safe ki tsane shi, ki murza masa dakakken barkono, citta, tafarnuwa, masoro, da kanumfari biyu kacal, don shi akwai danne ɗanɗano. Ki soya sama-sama ya yi ja, ki zuba albasa da ruwa kaɗan, ki rufe, ki rage wuta sosai, awa 2 ko kusa da haka. Cinyoyin baya za ki duba, in tsoka ta saki ƙashi ya nuna.

Ɗanyen barkono kuwa sai minti 10 na ƙarshe, ƙamshinsa ya fi fita.